Ido Ba Mudu Ba Ne



Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, wani abokina da muka yi firamare tare ya biyo ni gida don ya karɓi saƙo. Ya leƙa ɗakin da nake aiki, ya tsaya yana kallon ƙananan allunan da na jingina da bango, sai ya kwashe da dariya. Ya ce, "Malam, duk faɗin ƙasar Jama'a ka rasa abin zanawa sai tsohon mudu da buta da albasa? Ga dutsen Kagoro, ga ruwan Matsirga, ga fadar Sarki. In ma kuɗi kake so, zana ɗan siyasa ka kai masa." Ni ma na yi dariya, na ba shi saƙonsa ya tafi. Ba shi ne ya fara yi mini wannan tambaya ba, kuma kullum guntuwar amsa nake bayarwa. Yau na ce bari in zauna in ba da doguwar.

Ni malamin firamare ne a nan Kafanchan, ban yi makarantar zane ba. Abin da nake yi da yamma da ranakun hutu shi ne in ɗauki wani ƙaramin abu na gida, ludayi ko fitila ko goro uku a kan faifai, in ajiye shi kusa da taga, in zana shi da fentin mai a kan allon da bai wuce girman littafin rubutun ɗalibi ba. Shi ke nan. Da zan fara na tambayi malaminmu na unguwa hukuncin abin, ya ce inda malamai suka yi ta magana shi ne zanen mai rai, ya kuma tuna mini cewa Ibnu Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane ya koma kan itatuwa da abin da ba shi da rai. Na ce to ni ko itacen ma ban kai ba, a kan kwano na tsaya.

Kwanon kuwa mudun mahaifiyarmu ne.

Inna, Allah ya jiƙanta, ta haura shekara talatin tana awo a babbar kasuwar Kafanchan. Masara, dawa, wake, acca, wani lokaci shinkafa 'yar gida. Mu shida ta riƙe da wannan sana'a bayan rasuwar Baba. Duk wanda ya san garin nan ya san abin da ya faru a watan Afrilun 2011 bayan zaɓen shugaban ƙasa, kuma ba zan tono shi ba, domin kowane gida a nan, na Musulmi da na Kirista, yana da nasa tabon. Kasuwa dai ta ƙone. Da aka sassauta dokar hana fita Inna ta matsa sai an raka ta ta ga rumfarta. Muka tarar da hatsi ya zama tudun gawayi, cikinsa har lokacin yana hayaƙi. Tukwanen alminiyam na rumfar da ke gaba sun narke sun kwarara a ƙasa. Mudunta na ƙarfe ne, irin mai farin shafe da shuɗin baki, shi ya sa ya tsira. Ta tono shi da wani guntun katako, ta naɗe a mayafinta, muka dawo ba ta ce uffan ba. Ba ta ƙara zaman kasuwa ba har Allah ya karɓi abarsa a 2016. Mudun kuma ya koma saman kabad ɗina, muna zuba masa ƙusoshi da tsofaffin makullai.

A ƙarshen Maris na 2020 aka kulle Jihar Kaduna saboda korona, aka rufe makarantu. Mutumin da ya saba da hayaniyar yara sittin ya wayi gari ba shi da aiki sai kallon silin. Akwai wani kwali da wani amini na, wanda ya karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bar mini ajiya da zai koma Abuja. Na kira shi na ce zaman nan zai haukata ni, me ke cikin kwalinka? Ya ce ragowar fenti ne da buroshi, in buɗe in yi wasa da su. Na ce me zan zana? Ya ce, "Duk abin da ba zai gudu ba." Na ɗaga kai, idona ya faɗa kan mudun Inna.

Zanen farko abin kunya ne. Bakin mudun na yi shi zagayayye kamar faifai, alhali daga inda nake zaune a shafe yake kamar ƙwayar kabewa. Launin kuma na haɗa fari da baƙi, ya fito kamar an kwaɓa toka. Na tura wa abokina hoton, ya kira ni yana dariya har da tari. Da ya gama ya ce, "Matsalarka ɗaya, ka zana mudun da ke cikin kanka. Manta sunansa mudu. Kalle shi kamar yau ka fara ganin irinsa, ka zana abin da idonka ya ba ka kawai." Na ɗauka maganar 'yan jami'a ce, har sai da na zauna na gwada. Da na yi minti ashirin ina kallo ban taɓa buroshi ba, sai na ga ashe babu fari a jikinsa ko kaɗan. Ɓangaren taga ruwan madara ne da aka ɗiga wa shayi. Inda wuta ta lasa akwai ruwan ƙasa, akwai shuɗi-shuɗi kamar wuyan tantabara. Inuwar da na rantse baƙa ce, ashe jan tebur ya haska a cikinta. A baki kuma, wuri ɗaya, shuɗin ya goge har ƙarfe ya fito yana sheƙi, daidai faɗin babban yatsa. Nan Inna take riƙewa. Shekara tara mudun yana ɗakina ban taɓa ganin wannan ba.

Da a nan abin ya tsaya, da labarin mai daɗi ne.

A mako na biyu na kwantar da mudun a gefensa, bakinsa yana fuskantar taga, don in koyi yadda haske ke shiga cikin abu mai zurfi. Hasken safe ya shigo a kaikaice, sai na ga wata inuwa can ƙasan cikinsa, siririya, kamar jinjirin wata. A ɗan abin da na koya a kwanakin nan na riga na san shimfiɗaɗɗen wuri ba ya yin inuwa a kan kansa. In ka ga inuwa, akwai tudu. Na sa yatsa na shafa. Gindin mudun a tashe yake, an turo shi ciki.

Wanda bai taso a gidan awo ba ba zai gane abin da na ji ba. Tsohuwar dabara ce ta macuta: a kife mudu a daki gindinsa da guduma ko taɓarya, ya shige ciki kaɗan, daga waje lafiya lau, amma abin da yake ɗauka ya ragu. A kan haka sarkin kasuwa ke ƙwace mudu, a kan haka ake kunyata mutum a gaban jama'a. Akwai sura guda a Alƙur'ani da aka buɗe ta da gargaɗi ga masu tauye awo, kuma Inna da kanta take zaunar da mu ta ji haddarmu a kanta. Wannan matar, wadda ta taɓa sa ni na koma kasuwa da dare don mayar da canjin sule biyar da mai manja ya yi kuskure ya ba ni.

Na aro mudun maƙwabta da sunan za a auna gero. Na cika nasu na share bakin da rula, na juye a na Inna. Ya cika ya zubo. Na tattara abin da ya zubo, ya kusa rabin gwangwanin madara. Na sake, na sake, amsar ɗaya. Daren nan ban yi barci ba. Malamin lissafi ne ni, kuma kai ba ya jin magana: rabin gwangwani sau mudu nawa a rana, sau kwana nawa a shekara, sau shekara talatin. Wata zuciyar ta ce ai gobara ce, wani abu ya faɗo masa. Wata ta ce in abu ya faɗo wa kwano gefe yake lotsawa, ba tsakiyar gindi ba. Na kunna tocila ina neman sawun guduma, amma wuta ta ɓare shafen wurin, tsatsa ta rufe sauran.

Ban gaya wa kowa ba, har maiɗakina. Na tayar da mudun tsaye, na zana shi daga gefe inda gindin ba ya fitowa. Sau uku na zana shi a haka cikin shekara uku. Na ukun ya yi kyau sosai, Yayarmu ta gan shi ta fashe da kuka, ta tafi da shi Kaduna ta rataye a falonta. Ni kuwa duk lokacin da na je gidanta ba na iya zama ina fuskantar bangon nan.

A tsakanin nan hannu ya ɗan faɗa, kuma tunda wasu matasa suna tambayata yadda ake yi, bari in faɗi abin da na koya da kuɗina da ɓarnata. Allo ba sai na kanti ba. Ragowar filawud nake karɓa wajen kafinta, a yanka mini ƙanana, in goge, in shafa farin fentin ɗaki da na haɗa da gam ɗin Top Bond, shafi uku, gaba da baya. In ba ka shafa ba katako zai shanye man fentin, launin ya mutu. In ka shafa gaba kawai, damina ɗaya ta Kafanchan ta isa ta lanƙwasa maka shi kamar kasko. Launi biyar nake aiki da su: fari, rawaya mai duhu irin ta garin ɗorawa, ja irin na jar ƙasarmu, ruwan ƙasa mai duhu, da shuɗi mai zurfi. Baƙi ba na saya. Ka haɗa shuɗin da ruwan ƙasan, za ka sami baƙin da ya fi na kwalba rai, kuma kana iya karkata shi ya yi sanyi ko ya yi ɗumi. Jos ko Zariya nake aikawa a sayo mini, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 na koma matse bututun fari da filaya kamar mai tatsar saniyar da ta ƙafe.

Abin da ya fi ba sabon shiga mamaki shi ne fentin mai ba ya bushewa irin bushewar fentin ɗaki, wanda ruwansa ke tashi ya bar launi. Shi man iska yake sha a hankali ya daskare. Ruwan ƙasa kan kama cikin kwana ɗaya ko biyu, fari mai kauri ya yi mako yana manne wa yatsa. Shi ya sa shafin farko ake yin sa siriri, mai ƙarancin mai, na sama su fi shi maiƙo. In ka juya tsarin, saman ya riga ƙasan bushewa, bayan 'yan watanni zanenka ya yi faso kamar dugadugan manomi. Buroshi da kananzir nake wankewa sannan sabulu, taga a buɗe, don na taɓa rufe ɗaki na wuni da ciwon kai. Hunturu kuwa shi ne babban abokin gaba. Ka gama aiki da la'asar, da safe ka tarar ƙura ta yi masa gashi. Yanzu duk wanda na gama sai in sa shi cikin kwalin Indomie in rufe. Da wani kwalin kuma, wanda na yanke wa gefe ɗaya, nake yi wa abin da zan zana ɗaki, don haske ya zo masa ta hanya ɗaya tak.

Abokina ya ce in zaɓi abin da ba zai gudu ba, amma wasu suna gudu a zaune. Goro in ka ɓare shi, kafin ka gama haɗa launinsa ya sauya. Albasa ta yi tsiro a kwana na huɗu. Ɗanyar citta ta yamutse. Akwai ranar da na fita alwala na bar gauta biyar a kan faifai, na dawo na tarar da akuyar gidanmu ta cinye uku tana kallona. Zanen gauta biyu ne ya fito.

Sannu a hankali mutane suka fara kawo nasu kayan. Wani dattijo, abokin aikin Baba a reluwe, ya zo da fitilar hannu mai jan gilashi da kore, wadda yake yi wa jirgi alama da ita da dare. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma jirgi ne ya yi garin nan. Tun 1927 da layin da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta nan zuwa Kaduna, wani reshe ya nufi Jos, Kafanchan ta zama mahaɗa, Ibo da Yarbawa da Hausawa suka zo suka tarar da Fantswam da maƙwabtansu. Dattijon ya zauna kwana uku yana kallona ina aiki, yana ba ni labarin yadda tasha take cika da masu sayar da abinci in jirgin dare ya tsaya. Abubuwa da yawa game da mahaifina a bakinsa na fara jin su. Bayansa wani wanzami ya kawo ƙahonsa, wani tela ya kawo dutsen guga na gawayi mai zakara a ka, wata baiwar Allah ta kawo langa ɗaya da ta rage daga jeren uwarta. Roba da kayan Sin sun kori duk waɗannan, kuma ba wanda zai kai langa gidan tarihi.

Wani zai ce ai waya ma tana ɗaukar hoto. Gaskiya ne, kuma ta fi ni daidai. Amma waya ƙiftawar ido take yi, ni kuwa sai na yi awa shida ko takwas ina kallon abu ɗaya, kuma a cikin awannin ne abin yake faɗin abin da ke cikinsa, mai daɗi da mara daɗi. Na sha ɗaukar ɗakina a waya da mudun nan a saman kabad, bai taɓa gaya mini komai ba.

Ba kuma ni na ƙirƙiro wannan hauka ba. A birnin Bolonya na Italiya an yi wani mai zane, Giorgio Morandi, wanda ya rayu daga 1890 zuwa 1964. Kusan duk rayuwarsa a gida ɗaya ya yi ta tare da 'yan uwansa mata, yana jera kwalabe da butoci da gwangwanaye iri ɗaya yana sake zana su, har ƙura yake bari ta zauna a kansu don ta kashe sheƙinsu. Da a nan yake, da hunturu ya hutar da shi. Yau manyan gidajen tarihi na duniya suna alfahari da kwalabensa. Mu ma nan ba baƙin zane ba ne. A Zariya ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta ce ɗan Najeriya ya dubi abin da ke gidansu ya zana, kuma Farfesa Jerry Buhari na sashen zane a jami'ar nan ta Zariya ɗan ƙasar Kachia ne. Sai dai mu akwai mu da raina abin da ke kusa. Sanannen kan yumɓun nan na al'adar Nok da ake kira da sunan Jama'a, wanda aka tono a wurin haƙar kuza, sai da ya yi zaman korar tsuntsaye a gonar doya kafin a kai wa Bernard Fagg ya gane ko mene ne.

Na koma kan mudu.

A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna, Kachia da Jaba da Kagarko har zuwa nan wajenmu. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, mutanen da suka ci bashi suka shuka suka tashi da hannu biyu. Wajen ƙarshen shekarar na haɗu da wani a tasha, ya kira ni da sunan da rabona da jin sa tun ina yaro. Ɗan Mama mai citta ne, wadda rumfarta ke manne da ta Inna. Bayan 2011, da kowa ya ja jiki ya koma kusa da nasa, ita ma ta koma Kagoro wajen danginta. Tafiyar 'yan mintuna ce a mashin, amma shekara goma sha biyu ba mu taka ba, su ma ba su tako ba. Ya ce gonarsu ta tafi duka, Mama kuma jiki ya yi rauni, tana yawan ambaton Inna. Ranar Asabar na sa mudun a leda na hau mashin.

Na same ta a kan tabarma a gindin mangwaro, dutsen Kagoro a bayanta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta kama kaina da hannu biyu ta ce, "Ɗana, har da furfura?" Ta ce labarin rasuwar Inna sai bayan kwana uku ya iske ta, ta ɗaura zane za ta zo gaisuwa, tsoro ya mayar da ita. Ta yi kuka, ni ma na yi. Shekara goma sha tara suka yi rumfa da rumfa. In Inna ta tafi salla Mama ke auna mata, in Mama tana da taron mata a coci Inna ke sayar mata da citta.

Da aka natsa na fito da mudun. Tun kafin in gama buɗe ledar ta gane shi. Na kife shi a cinyarta na ɗora yatsanta a wurin, na ce, "Mama, don Allah ki gaya mini gaskiya." Ta shafa, ta sake shafawa. Na so ta ce gobara ce. Da ta faɗi haka da na karɓa na tafi da murna. Sai ta ce, "Ɗana, ba zan yi wa matacciya ƙarya ba, ko ta gyara ko ta ɓata. Ni ban taɓa kife mudun uwarku na duba ba. Ranar wutar nan ginshiƙai sun faɗi, rufi ya faɗi, zai iya zama shi ne. Kuma shekarun da babanku ya rasu, na san ranakun da ta zo kasuwa ba ta karya ba don ku ku ci. Yunwar 'ya'ya tana sa uwa abin da ba ta yi niyya ba. Ni kaina ba zan ɗaga Littafi in rantse a kan kowane awo da na yi ba."

Ta yi shiru, ni kuma na ji kamar an ɗora mini dutsen da ke bayanta. Can ta ce, "Amma abin da idona ya gani zan faɗa. Kowa in ya cika mudu ya yi masa tozo, gyara da 'yan yatsu yake yi. Uwarku da hannu biyu take yi. Har faɗa masu awo suka yi da ita wai tana ɓata musu kasuwa. Ku Hausawa kuka ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To shekara goma sha tara idona yana kanta."

Da na dawo gida na gaya wa maiɗakina komai. Na ce ta ɗebo gero da hannu biyu, don hannunta ya fi nawa kusa da na Inna. Muka zuba a gwangwanin madara, ya haura rabi. Ba zan ce wannan ya rufe maganar ba. Ko hannu biyun nan halinta ne kawai, ko kuwa biyan wani abu take yi da ita kaɗai ta sani, yanzu tsakaninta da Ubangijinta ne. Na kira Yaya. Ta yi fushi sosai, ta ce fentin nan ya fara taɓa mini kai, ta kashe waya. Bayan kwana biyu ta turo kuɗi ba tare da ta ce komai ba. Na ƙara nawa muka sayi masara buhu biyu, muka raba da niyyar in akwai haƙƙin wani a kan Inna Allah ya sauke mata. Rabi a unguwarmu, rabi na ba ɗan Mama ya raba a nasu ɓangaren, tunda masu sayen hatsinta ba ɓangare ɗaya ba ne.

Sannan na sake kwantar da mudun a gefensa, bakinsa yana fuskantar taga, na zana shi karo na huɗu da jinjirin watan nan a ciki. Inuwar ta ba ni wahala, sau biyu ina kankare ta da wuƙa. Shuɗi da ruwan ƙasa ne, da ɗigon ja a gefen da haske ke dawowa. Shi ne allon da abokina ya tsaya yana yi wa dariya ranar Juma'a. Wani baƙo daga Abuja ya taya shi da kuɗin da ya fi albashina na wata, na ce ba na sayarwa ba ne.

Yanzu nakan je Kagoro duk bayan 'yan makonni. A zuwan da na yi na watan jiya Mama ta sa jikarta ta ɗauko mata wata wuƙa daga cikin ɗaki, wadda take tsaga citta da ita kafin a shanya. Tsabar wasawa ta cinye tsakiyar kaifin ya shige ciki, ƙotar kuma an ɗaure ta da robar tayar keke. Ta ce, "Tunda ka yi wa ƙawata, ni ma yi mini." Na gama shi shekaranjiya, yana cikin kwali, farin da na sa a bakin wuƙar bai kama ba tukuna. Ta ce in kai mata kafin bikin Afan na ranar 1 ga Janairu, don jikokinta za su zo gida. Wuƙar kuma ta ce kada in kuskura in manta da ita, saboda bana sun sake shuka citta kaɗan.